Madara ba ta wanke dalma daga jini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin sayen gwangwan a cikin unguwa a Kano, yara shida ke cin abinci a ƙarƙashina. Maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa wai ina sa wa 'ya'yansu ciwo. Muna sayen ƙarfe, alminiyum da tsofaffin batiran mota, mu fasa mu narka dalmar. Kullum kuwa sai na saya wa yaran madara. Hankalina a tashe yake. In rufe ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka rufe. Ƙarfen da kake tarawa shi ake narkawa a kamfanonin Ikorodu da Ogijo, can wajen Legas, ya dawo rodin gini, kuma saboda masana'antun gida ne dokar Najeriya ta hana fitar da shi waje. Sake narka alminiyum ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wutar da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adini. Kwatocin da 'yan jari bola suke ragewa shara ma ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ɓangaren, Allah ya ƙara kasuwa.

Amma maganar batir, maƙwabtanka suna da gaskiya. Ita kuwa madarar nan, wallahi na gaji da jin ta. Duk wurin da na shiga dubawa sai an nuna mini gwangwanin madara kamar takardar izini. Wani ya ce manja, wani ya ce ya sayi "maganin wankin jini" a tasha. Madara abinci ce, ba ta fitar da dalma. Dalma na shiga ta numfashi da baki, ta bi jini, ta zauna a ƙashi shekara da shekaru. Mai sayar maka da kwalbar wankin jini kuɗinka kawai yake wankewa. Maganin gaskiya a asibiti ake ba da shi bayan gwajin jini, shi ma aikin banza ne in mutum ya koma cikin ƙurar.

Kuma ba yaran shagonka kaɗai abin ke taɓawa ba. Ƙurar na maƙalewa a riga da takalmi, ta isa gida, jariri mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Sai ciwon ciki, sai jijjiga, a ce iska ce, a nufi gidan boka. Wanda ya tsira ma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma dalmar tsofaffin batira ce, irin naka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa.

Saboda haka daga yau ka daina fasawa. Sayar da batir yadda yake, da ruwansa a ciki, ga dillalin da ke kai wa masana'anta mai rajista, a ajiye shi tsaye kan siminti a inuwa. Wayar lantarki kuwa a fere ta, a daina banka mata wuta. Kayan aiki su kwana a shago, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Sannan ka kai yaranka da ƙananan 'ya'yan maƙwabta asibitin koyarwa a auna dalma a jininsu, kuma kai za ka biya.