Tashar jirgin ƙasa da aka rufe: me ya faru da ita?

Tambaya: Me ke sa a rufe tashar jirgin ƙasa ta karkara, kuma ta yaya zan gano tarihinta?

Amsa: Galibi matsalar kuɗi ce. Da motoci suka yawaita, fasinja da kaya suka koma kan titi, kuɗin tikiti ya kasa biyan albashi da gyaran layin dogo. A Birtaniya, rahoton da Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, ya fitar a 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363.

Ka fara da tsofaffin jadawalin tafiyar jirage. Shekarar da sunan tashar ya ɓace, a nan aka daina ɗaukar fasinja. Amma ka kula, sau da yawa jigilar kaya kan ci gaba bayan haka, shi ya sa ake samun ranakun rufewa biyu masu saɓani.