Wane babur ne ya dace da hawan cikin gari?

Maigida, mutane kan zo gareji su tambaye ni wane babur za su saya don zirga-zirgar cikin gari. Me zan ce musu?

Yaro, kafin ka kama sunan kamfani, tambayi mutum hanyar da yake bi kullum da irin kayan da yake ɗauka. A cikin gari inji mai cc (ma'aunin girman inji) 100 zuwa 125 ya wadatar. Wanda ya fi haka nauyi ne da shan mai kawai, tunda cunkoso ba zai bar shi ya yi gudu ba. Kuma ƙananan injunan nan iska ce ke sanyaya su, in aka daɗe a tsaye ana murza totur sai su ɗau zafi, baƙin mai ya tsinke, ringi ya fara cinyewa.

Mai zuwa ofis ko makaranta a kan kwalta, nuna masa roba-roba. Ba ta da kulochin hannu, saboda haka tsaya-tashi a cunkoson Kantin Kwari ba ya gajiyar da yatsu. Sai dai tankinta ƙarami ne, wajen lita 4, cikinta kuma yana kusa da ƙasa, rami da kwata suna fasa mata roba. Wanda unguwarsa ba kwalta, ko yake ɗaura buhu a baya, Boxer ko Jincheng ta fi masa, don ƙarfin firam da shokazoba. Sa shi ya hau ka gani: in ƙafafunsa biyu ba sa taka ƙasa sosai, babur ɗin ya yi masa tsawo. Babur ɗin da ba a samun kayan gyaransa a kasuwa, hana shi saye ko da araha ne.

In na hannu ne, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, domin ɗumi yana ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi a salansa na nufin yana ƙona baƙin mai. Kwance fulogi ka duba, in ya jiƙe da mai maganar ɗaya ce. Haƙoran sifirokit in sun yi tsini, sarƙa da sifirokit duka za a canza. Sannan ka gwada lambar inji da ta firam da abin da ke rubuce a takarda, in sun saɓa ka ce masa ya riƙe kuɗinsa.