Tambaya da Amsa: Ina ya kamata a saki tsuntsun fizant?

Tambaya: Malam, ina aikin gona a karkarar Ingila. Maigidana na son sayo 'ya'yan fizant ya sake su a daji saboda farauta. Wane irin wuri ya dace, kuma za su rayu kuwa?

Amsa: Malam, fizant ɗan uwan fakara ne, asalinsa daga Asiya, namijin mai doguwar jela. A Birtaniya ana sakin miliyoyinsu duk shekara, amma waɗanda maharba ke samu ba su kai rabi ba. Yanyawa ke cinye da yawa daga cikin sauran, mota kuma ta take wasu. Dalili kuwa, tsuntsun da ya tashi a keji bai san maƙiyi ba, bai kuma iya neman abinci ba.

Shi ya sa ba a buɗe akwati kawai a watse. Idan sun kai mako 6 zuwa 8, wajen Yuli ko Agusta, a zuba su cikin shingen waya marar rufi a cikin kurmi, a kewaye shi da wayar lantarki, a bar ƙananan ƙofofi a ƙasa don wanda ya tsallake ya iya komowa. Ƙungiyar Game and Wildlife Conservation Trust, mai bincike kan dabbobin farauta da namun daji a Birtaniya, ta ba da shawarar kada a wuce tsuntsu 1,000 a hekta ɗaya ta shinge, 700 idan tsohon kurmi ne. Ni da zan zaɓa, ƙasa da haka zan zuba, don cunkoso ke kawo cuta ya kuma kashe ciyawar wurin.

Wurin kuwa, kada ku nemi tsakiyar daji mai duhu. Bakin kurmi fizant ke so: sarƙaƙiyar da zai ɓuya, sararin da rana ke faɗawa ya sha hantsi, da rassa na ƙasa-ƙasa da zai hau ya kwana. A shuka masara ko gero a gefe, a ajiye ruwa da alkama. Kuskuren da aka fi yi shi ne janye abinci da zarar an rufe farauta ranar 1 ga Fabrairu, alhali lokacin ne matan ke shirin ƙwai.

Kafin a sayi ko guda, maigidanka ya binciki doka. Tun 2021, saki a cikin wasu wuraren da aka keɓe don kare halittu, ko cikin mita 500 daga gare su, sai da lasisi, kuma murar tsuntsaye kan sa a ƙara tsaurara sharuɗɗan.