Hukuncin malamin makarantar da ke barin aji don ban ruwa a gonar rani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a ƙasar Argungu. Albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, shi ya sa na kama noman shinkafa na rani a fadama. Wani ya ce mini haramun ne ma'aikacin gwamnati ya yi wata sana'a. Ranakun ban ruwa nakan fita da ƙarfe 11 da sanin hedimasta, in an yi girbi kuma nakan kai masa buhu ɗaya. Mene ne hukuncin abin da nake samu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a neman da kake yi wa iyalinka.

Noman kansa halal ne, babu saɓani. Ko ta fuskar doka, tsarin mulkin 1999 da ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci ya keɓe noma, ya bar shi a buɗe. Da shago ka ce mini kana tsaro, da sai mun tsaya kan sharaɗin aiki, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Inda hankalina ya tsaya, ɗan'uwa, shi ne ƙarfe 11 ɗin nan. Malaman fiƙihu sun bambanta tela da ake biya a kan kowace riga da ma'aikacin da aka ɗauka a kan lokaci. Kai na biyun ne. Daga kaɗa ƙararrawa zuwa tashi, lokacin nan ka riga ka sayar da shi ka karɓi kuɗinsa. Hedimasta kuwa wakili ne, ikonsa ya tsaya ga sallamar ka don uzuri irin rashin lafiya ko jana'iza. Sallama ta kullum saboda gona ta fi ƙarfinsa. Buhun nan ma ya ɓata izinin gaba ɗaya. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a ba shi kyautar. Ka tambayi zuciyarka: ranar da hedimastan ya yi ritaya, buhun zai ci gaba da zuwa gidansa?

Na san akwai masu cewa tunda albashin bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai a jinkirta shi, to ma'aikaci ya yi aiki gwargwadon kuɗinsa. Har hujja suke kafawa da Hindu matar Abu Sufyan, wadda aka yi wa izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Hindu haƙƙinta tabbatacce ne, kuma daga dukiyar wanda ya hana ta ta ɗauka. Kai daga wa kake ɗauka? Daga yaron da ya zauna a aji babu malami, ɗan talakan da ubansa ba shi da halin kai shi makarantar kuɗi, wanda ba ka bin sa ko sisi. Sannan ƙarancin albashi ba bashi ba ne, da saninka ka karɓi aikin. Wanda aka riƙe maka shi ne bashi, jinkirta shi ga mai hali zalunci ne, ka neme shi ta ƙungiyarku ta malamai da babbar murya. Amma hadisi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Sayyidina Abubakar, da halifanci ya cinye masa lokaci, kasuwar ya bari, aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali.

Shinkafarka halal ce, guminka ne da irinka. Shubuhar tana cikin albashin sa'o'in da ba ka tsaya ba. Ka tuba, ka ƙiyasta su, ka rama wa yaran da ƙarin darasi kyauta. Ban ruwan ka mayar da shi bayan tashi ko Asabar da Lahadi, ko ka ɗauki wanda zai tayar da inji ka biya shi da buhun da kake kai wa hedimasta. Kada kuma ka kwashi ɗalibai zuwa dashe ko korar tsuntsaye, ko da iyayensu sun yi shiru, don kunyarka suke ji. Ka kula da barcinka, malamin da ya kwana a fadama gyangyaɗi zai yi a gaban allo.

Ba ka tambayi zakka ba, amma in amfanin ya kai ausuƙi biyar, wato sa'i 300, tunda da inji kake shayarwa, ɗaya cikin ashirin za ka fitar.

Allah ne mafi sani.