Filin Likitan Dabbobi: Barbara, Naƙuda da Renon 'Yan Kwikwiyo

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Karyata wata 8 gare ta, kuma ta fara zubar da jini, gabanta ya kumbura. Wani ya ce in hanzarta kai ta barbara kada lokaci ya wuce. Me ka gani?

AMSA: Malam, kada ka kai ta. Wannan shi ne zuwanta na farko, wato lokacin da karya ke neman namiji, kuma ita kanta ba ta gama girma ba. Ƙashinta bai nuna ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga ƙuruciya da ke sa wasu su yi watsi da 'ya'yan ko su kwanta a kansu. Ka bari sai ta kai wajen shekara 2, wato zuwa na uku ko na huɗu. Lokacin ba ya tserewa, yana dawowa kusan duk wata 6.

Idan lokacin ya yi, ka lura jinin farko ba shi ne alamar ta shirya ba. Yakan ɗauki kamar kwana 9 tana jini tana kore namiji, sannan jinin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, ta fara tsayawa tana kawar da wutsiya gefe. A nan ne ake haɗa su, sau biyu, da tazarar kwana 2. Idan suka manne da juna, a bar su. Mannewar kan kai minti 5 zuwa 30 kuma su rabu da kansu. Jan su da ƙarfi ko watsa musu ruwa na iya ji wa duka biyun rauni.

Kafin nan a duba lafiyar macen da namijin. Akwai cutar burusela, wadda ke sa ɓari a ƙarshen ciki kuma tana kama mutum. Akwai kuma wani ƙari mai zubar jini da ke fitowa a al'aurar kare, wanda barbara ce ke yaɗa shi. Shi yana warkewa da allurar vincristine a hannun likita, amma ba a barbara da mai shi. A kammala rigakafin macen tun kafin ta ɗauki ciki, domin kariyar da ke jininta ita ce za ta bi nono ta isa ga 'ya'yan.

TAMBAYA: Likita, yau kwana 55 da barbarar karyarmu. Ban taɓa ganin haihuwar kare ba. Yaya zan gane naƙuda ta zo, kuma yaushe zan san akwai matsala?

AMSA: Hajiya, cikin karya kwana 63 ne a galibi, amma in daga ranar barbara ake ƙirga yana iya zuwa tsakanin kwana 58 da 68. Tun yanzu ki samu ma'aunin zafin jiki, ki shafa masa mai, ki riƙa auna ta ta dubura safe da yamma, kina rubutawa. Zafin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Ranar da kika ga ya sauka ƙasa da 37.5, to ki sa ran naƙuda cikin awa 24. In da hali a ɗauki hoton ƙashi yanzu, tunda bayan kwana 45 ana iya ƙirga kawunan 'ya'yan. Sanin adadin shi zai hana ki tsayawa kina wasi-wasin ko saura a ciki.

Matakin farko yakan ɗauki awa 6 zuwa 12. Za ta ƙi abinci, ta yi ta haki, tana tonon shimfiɗa, tana shiga tana fita, wani lokaci har da amai. Wannan duk daidai ne. A ba ta wuri mai duhu-duhu, a kori 'yan kallo, don hayaniya na iya tsayar da naƙuda. Sai nishi ya fara, ki ga cikin yana ɗaurewa. Kwikwiyo zai fito cikin wata jaka mai santsi, uwar ta yage ta, ta lashe shi, ta cije cibiya. Kada ki firgita idan kika ga ƙafafun baya ne suka fara leƙowa, da yawansu haka suke zuwa.

Idan uwar ta yi sakaci, ba ta fasa jakar ba cikin minti ɗaya, ke ki fasa da yatsu daga wajen fuska. Ki share hanci da baki, ki karkata kansa ƙasa kaɗan, ki goge shi da busasshen tawul da ɗan ƙarfi har ya yi kuka. Tsohuwar dabarar nan ta riƙe kwikwiyo a wujijjiga shi don ruwa ya fita, a daina ta, tana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Cibiya kuwa ki ɗaure da zare mai tsabta kamar santimita 2 daga jikin kwikwiyon, ki yanke ta bayan ƙullin da almakashin da aka tafasa, ki shafa aidin. Ki ƙirga mabiyiya: kowane kwikwiyo da tasa, kuma wadda ta maƙale a ciki na iya ruɓewa.

Abubuwan da ba a jira a kansu su ne: nishi mai ƙarfi na minti 30 ba tare da komai ya fito ba, fiye da awa 2 tsakanin kwikwiyo da na bayansa alhali kin san da saura, kwikwiyon da ya maƙale a hanya, jini ja mai yawa, da koren ruwa kafin na farko ya fito. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi rainawa. Koren ruwa bayan an fara haihuwa ba komai ba ne, amma in ya riga kowa fitowa, alama ce mabiyiya ta saki, kuma kwikwiyon na cikin rashin iska.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da yi: kada kowa ya yi wa karya allurar naƙuda a gida. Idan kwikwiyo ya gitta a hanya aka tilasta mahaifa ta matsa, fashewa za ta yi. Likita ne zai duba ya ga hanya a buɗe take kafin allura, in ba haka ba sai tiyata.

TAMBAYA: Likita, 'yan kwikwiyona 7, kwanansu 3. Ɗaya ya ware gefe, jikinsa da sanyi, ba ya kama nono, sai wani siririn kuka. Na ɗura masa madarar shanu da cokali amma tana fitowa ta hanci.

AMSA: Malam, tsayar da ɗurar nan take. Madarar da ke fitowa ta hanci tana gangarawa huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya shi ke ƙarasa irin waɗannan.

Ɗumi ake fara nema kafin abinci. Jaririn kwikwiyo ba ya iya riƙe zafin jikinsa, ko karkarwa ba ya iyawa a kwanakin farko. A makon farko zafinsa digiri 35 zuwa 37 ne. In ya faɗi ƙasa da 34.5, hanjinsa na daina aiki, duk abin da aka zuba masa sai ya tsaya ya kumbura masa ciki. Uwar ma da ta ji shi da sanyi sai ta ture shi gefe, sanyin ya ƙaru. Ka ɗumama shi a hankali, cikin awa 1 zuwa 2, ta hanyar sa shi cikin rigarka a jikin fatarka, ko kusa da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul. Sauri ya haifi nawa: zafi mai ƙarfi farat ɗaya na ƙona fata, ya kuma busar da shi. Kana cikin haka ka shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi. Sa yatsa a bakinsa: idan da ɗumi da laima kuma ya tsotsa, ya dawo. Idan bakin ya bushe yana danƙo, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, sai likita. Ka kuma haska saman bakinsa, domin wanda aka haifa da tsagaggen ganɗa haka madara ke fito masa ta hanci.

In ya farfaɗo, ka janye manyan na ɗan lokaci, ka matsa nonon baya har ya ɗigo, ka sa masa a baki. Na baya sun fi ruwa. Idan dole sai an ciyar da shi da hannu, a nemi madarar da aka haɗa musamman don kwikwiyo. Ta shanu ba ta kai nonon karya maiƙo da sinadarin gina jiki ba, ga sukarinta ya yi yawa, sai zawo. A ba shi duk awa 2 zuwa 3, dare da rana, yana kwance rub da ciki, ba rigingine ba. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane giram 100 na nauyinsa a lokaci guda. Bayan ya sha, a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki da dubura har ya yi fitsari da kashi, tunda ba ya iya yi da kansa sai wajen mako 3.

Sauran shidan fa? Ka samu ƙaramin sikeli, ka auna kowanne kullum a lokaci ɗaya. Ya kamata nauyi ya riƙa ƙaruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a rana, ya ninka kafin kwana 14. Sikeli na nuna mai matsala tun ido bai gani ba. Wurin kwanciyarsu ya kasance digiri 29 zuwa 32 a makon farko, a rage sannu a hankali, da gefe mai ɗan sanyi inda uwar za ta miƙe. Waɗanda suka taru a kan juna suna kuka sanyi suke ji. Waɗanda suka watse nesa da juna baki buɗe, zafi ya yi yawa.

TAMBAYA: Likita, mako 3 da haihuwa, uwar ta fara haki, tana rawar jiki, ƙafafunta sun sandare.

AMSA: A ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi yanzu. Alamun ƙarancin kalsiyam ne a jini, wanda shayarwa ke jawowa, musamman ga ƙananan karnuka masu 'ya'ya da yawa. Yana kaiwa ga farfaɗiya da mutuwa cikin 'yan awoyi, amma allurar kalsiyam ta jijiya na tayar da ita da sauri. A cire 'ya'yan daga nono tukuna, a fara koya musu cin abinci mai laushi, dama shekarunsu sun kai. Abin mamaki, masu ɗura wa karya kalsiyam lokacin da take da ciki su suka fi jawo wannan, don jikinta sai ya saki jiki ya kasa ɗebo nasa daga ƙashi ranar da buƙata ta taso. Mai shayarwa na cin ninki biyu zuwa uku na abincinta na da, a raba shi sau da yawa a yini.

TAMBAYA: Likita, yaushe ake ba su maganin tsutsa da rigakafi, kuma yaushe zan iya raba su da uwar?

AMSA: Maganin tsutsa a mako 2, 4, 6 da 8, tare da uwar, gwargwadon nauyin kowanne. Akasarinsu da tsutsa ake haifarsu, ta bi ta mabiyiya ko ta nono, ko da uwar ta yi kyau a ido. Pyrantel ne aka fi amfani da shi a wannan shekarun. Kada a kusance su da maganin tsutsa na ivermectin, ko paracetamol da ibuprofen na mutane.

Rigakafin farko a mako 6 zuwa 8, wanda ya haɗa fabo mai zawon jini, da distemfa mai kawo tari da farfaɗiya, da ciwon hanta. A maimaita duk mako 3 zuwa 4 har su kai mako 16, domin kariyar da suka sha a dakashi na iya kashe ƙarfin allurar farko. Na haukan kare a mako 12. Kafin su kammala, kada su taka inda baƙin karnuka ke yawo. Ido kan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, kada a ɓare shi da hannu. In ya kumbura yana mugunya a ƙarƙashin fata, likita ne zai buɗe ya wanke. Raba su da uwa sai sun cika mako 8, kuma a miƙa wa wanda zai karɓa katin da ke ɗauke da ranakun allura da maganin tsutsa.