Filin Tambaya da Amsa: Yaya Sifaniyawa ƙalilan suka ci daulolin nahiyar Amurka?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Turawan Sifaniya da ba su kai dubu ba ne suka rushe daular Aztek a Meksiko, wasu ƙasa da ɗari biyu kuma suka kama sarkin Inka a Peru. Bindiga ce ta yi wannan aiki?

Amsa: Bindiga ta taimaka, amma ba ita ta ci yaƙin ba. Bindigar wancan zamani ta lagwani ce: a ɗura albarushi ta baki, a tura harsashi da sanda, sannan a kai wuta. Kafin a sake ɗuri, mai baka ya saki kibau da dama, in kuma ruwa ya jiƙa albarushin, ba ta tashi. Takobin ƙarfe da doki sun fi ta ɓarna, ga shi Kortes, jagoran Sifaniyawa a Meksiko, ya sauka a 1519 da dawaki 16 kacal da mutum wajen 500. Da yawansu ma ajiye sulke suka yi, suka koma lifidin auduga irin na mutanen ƙasar, don ya fi sauƙi kuma yana tare kibiya.

Ƙarfin Kortes na gaskiya mutanen ƙasar Tlaxcala ne, maƙwabta kuma tsofaffin abokan gabar Aztek. Sun fara gwabzawa da shi, daga baya suka ga ga wanda za su yi amfani da shi. A ƙarshen Yuni 1520 Aztek suka fatattaki Sifaniyawa daga babban birninsu, Tenochtitlan, ɗaruruwa suka mutu. Da Tlaxcala ta rufe musu ƙofa a lokacin, da zance ya ƙare.

A lokacin birnin Tenochtitlan a tsakiyar tafki yake, hanyoyin da aka cike da ƙasa ne suka haɗa shi da tudu. Sai aka sassaƙa katakon jirage 13 a Tlaxcala, 'yan dako suka tsallako duwatsu da shi zuwa Texcoco, wani gari kusa da tafkin, aka harhaɗa, aka ɗora igwa. Jiragen suka tare kwale-kwalen da ke kai abinci, aka kuma datse ruwan sha da ke zuwa daga maɓuɓɓugar Chapultepec. Kafin nan cutar agana ta riga ta yi ɓarna, har ta kashe sarkin Aztek, Cuitlahuac. Birnin ya faɗi ran 13 ga Agusta 1521, kuma mafi yawan mayaƙan da suka kewaye shi, dubun-dubata, 'yan ƙasar ne.

A Peru ma sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Pizarro, jagoran Sifaniyawa a can, ya isa garin Cajamarca a Nuwamba 1532 da mutum 168, daidai lokacin da sarkin Inka, Atahualpa, ya gama yaƙin basasa da ɗan'uwansa Huascar. Kwanton ɓauna aka yi masa a dandalin gari. Ya biya fansa da zinariya da azurfa, duk da haka suka kashe shi a 1533. Ragowar gidan sarautar bai miƙa wuya ba sai 1572.

Tambaya: To ina dukiyar ta fito bayan ganima ta ƙare?

Amsa: Daga ƙasa. A 1545 aka gano azurfa a dutsen Potosi, cikin Bolibiya ta yau. Daga shekarun 1570 aka ɗora wa garuruwa aikin tilas da ake kira mita: ɗaya cikin kowane maza bakwai zai je haƙa a shekara. Ana niƙa dutsen, a cakuɗa da gishiri da zaiba daga ma'adinan Huancavelica a Peru, azurfar ta manne wa zaibar, sai a gasa, zaibar ta tashi. Wannan tururin guba ne, yana sa karkarwa da zubewar haƙora. Humusin duk abin da aka tace na sarkin Sifaniya ne.