Yaya, ga dalilin da ya sa injin wankinmu yake buɗewa ta gaba

Yaya, barka da warhaka. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara baki ɗaya.

Tun ranar da muka yi waya ta bidiyo kika hango injin wanki a kicin ɗina, maganarki take yi mini yawo a rai. Cewa kika yi, wai mu a can kowa irin mai ƙofa a gaba yake saya, kuma ɗan ruwan nan da kike gani ta gilashi shi ne zai fitar da datti? A wayar ban ba ki amsar kirki ba, yara sun cika ni da hayaniya. Tunda kin ce kina shirin saya, kuma zuciyarki ta rabu tsakanin mai ƙofa a gaba da mai murfi a sama, na ga gara in zauna in rubuta miki a tsanake.

Abin da kika lura da shi gaskiya ne. A gidajen 'yan'uwanmu da suka zauna a nan Ingila, da wuya ki shiga ki tarar da mai murfi a sama. Sai dai ba wani zama muka yi muka auna muka ce wannan ya fi wancan ba. Gidajen ne suka zaɓa mana. Yawancinsu ƙanana ne, babu ɗakin wanki daban, kuma magina sun riga sun bar gurbi a ƙarƙashin kantar kicin, da bakin famfo da hanyar fitar ruwa. Gurbin nan awonsa kusan ɗaya ne a ko'ina: faɗi santimita 60, tsayi kamar 85. Injin da zai shiga nan dole ya buɗe ta gaba, domin kanta ta rufe samansa. Wanda ya samu lungu ko ɗan ɗaki kuwa, sai ya ɗora injin busar da kaya a kan na wankin, abin da mai murfi a sama ba zai taɓa yarda da shi ba.

Na biyu, ruwa da wuta. Gidaje da yawa a nan akwai mitar ruwa, abin da ka zubar shi za ka biya. Injin zamani mai ƙofa a gaba yana gama wanki ɗaya da lita 40 zuwa 60, tun daga jiƙo har ɗauraya. Mai murfi a sama wanda yake cika ganga taf yakan haura lita 100, tsofaffinsu ma suna kaiwa 150. Gidan da ke da yara huɗu, ana wanki kusan kullum, kin ga bambancin nan ba ƙarami ba ne a ƙarshen shekara.

Amma in kika tambaye ni abin da ya fi ɗaure mu da shi, sai in ce miki matsa, wato matse ruwa daga kaya bayan wanki. Ke da kike da rana, shanya ba ta taɓa zame miki abin tunani ba. Mu kuwa da hunturu ya shigo, wata da watanni kaya ba sa bushewa a waje. A cikin ɗaki muke baza su a kan ƙarfen shanya, duk ruwan da ya rage a jikinsu kuma iskar gidan yake komawa, tagogi su yi gumi, bango ya fara fitar da baƙin fumfuna, masu ciwon ƙirji su sha wahala. Mai ƙofa a gaba yana juya gangarsa sau 1200 ko 1400 a minti ɗaya lokacin matsa, wasu har 1600. Da yawa daga masu murfi a sama suna tsayawa wajen 700 ko 800. Tawul ɗin da ya fito daga matsar 1400 in kin murɗa shi da hannu ba za ki ga ɗigo ba. Wannan shi ne abin da matanmu suke fara tambaya in wata ta yi sabon inji, kafin su tambayi sunan kamfanin: matsarsa nawa ce?

To bari in zo kan ɗan ruwan da ya ba ki mamaki, domin ba ke kaɗai ba ce. Kusan duk uwar da ta zo ganin jikoki, ranar farko sai ta durƙusa gaban gilashin nan ta ce ruwa bai shiga ba. Akwai waɗanda har yau sai sun sake ɗauraye kayan a baho hankalinsu yake kwanciya, kuma ban ga laifinsu ba, idon da ya saba ganin kaya sun nutse cikin ruwa da kumfa ba zai yarda nan take ba. Ni ma sai da na fahimci yadda abin yake aiki na daina shakka. Gangarsa a kwance take. A cikinta akwai 'yan tudu-tudu, yawanci uku, da suke ɗaga kayan sama in tana juyawa, su sako su su faɗo kan ɗan ruwan da ke ƙasa, a sake ɗaga su, a sake sakowa. Ki tuna yadda mai wankin hannu yake ɗaga riga jiƙaƙƙa ya maka ta a kan dutse. Dukan nan ne yake fitar da datti daga cikin zare, ba yawan ruwan ba. Da za a cika gangar da ruwa, sai kayan su yi ta iyo kawai, babu faɗuwa, babu cuɗa. Ga shi kuma omon yana da ƙarfi saboda ba a tsinka shi da ruwa mai yawa ba. Wanda duk da haka bai gamsu ba, yawancin injinan suna da maɓallin ƙarin ɗauraya, ni kaina ina danna shi in kayan jariri ne ko na mai ƙaiƙayin fata.

Mai murfi a sama shi gangarsa a tsaye take, don haka dole ruwa ya rufe kayan sannan a motsa su. Wani yana da doguwar sanda mai fukafukai a tsakiya, tana murɗawa dama da hagu. Wani faifai ne kwance a ƙasa yake kaɗa ruwan. Mai sandar yana wanki da ƙarfi da sauri, amma yana cin kaya, yana jan wuyan riga, yana naɗe igiyoyi, kuma bargo babba ba ya sakewa a cikinsa. Mai faifan ya fi tausasawa, sai dai yana ƙulla kaya su fito a cure. A wajen kula da tufafi masu laushi, ban ga wanda ya kamo mai ƙofa a gaba ba.

Kada ki ɗauka kuma duk wanda ke waje irin namu yake amfani da shi. 'Yan'uwanmu da ke Amurka, inda gidaje ke da fili da ɗakin wanki, da yawansu mai murfi a sama ne a gidajensu, kuma suna yabonsa. Alhali a can ne kamfanin Bendix ya fitar da injin gida na farko mai yin komai da kansa a 1937, shi ma ta gaba yake buɗewa, sai an ɗaure shi da ƙasa saboda girgiza. A Faransa kuma akwai wani siriri mai faɗin santimita 40 da suke so, murfinsa a sama amma gangarsa a kwance, aikinsa irin na mai ƙofa a gaba. Kowa dai da irin gidansa.

Yanzu bari in faɗa miki abin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba, don kada ki saya ki ce na ɓoye miki.

Yana da jinkiri. Wankin yau da kullum awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne. Tsarin da ake rubuta wa Eco 40-60, wanda da shi ake auna injin a takardar nan ta nuna shan wuta mai haruffan A zuwa G da aka sabunta a watan Maris na 2021, yakan wuce awa uku. Dalili shi ne mafi yawan wutar da injin wanki yake sha, wajen dafa ruwa take tafiya, juya gangar ba ya cin komai sosai. Sai aka rage zafi da ruwa, aka ƙara lokaci, jiƙo ya yi aikin. Mu mun saba, mukan kunna mu shiga wata hidima. Mai murfi a sama kuwa cikin minti 40 zuwa awa ɗaya ya sallame ki.

Sai robar bakin ƙofa. Wannan ita ta fi ɓata mini rai a shekarar farko. Ina gama wanki sai in rufe ƙofar ruf don kicin ya yi kyan gani. Bayan wasu watanni kayan makarantar yara suka fara fitowa da wani wari na rima, na canza omo, na ƙara turare, duk a banza. Wata dattijuwa cikin mutanenmu ce ta zo ta sa yatsa ta buɗe ninkin robar, sai ga baƙin fumfuna da ruwa kwance. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin yarana sun yi makonni suna sa kayan nan a jikinsu. Tun daga ranar, da an kwashe kaya sai in goge robar da tsumma, in bar ƙofar da aljihun omon a buɗe su sha iska, kuma sau ɗaya a wata in kunna shi babu kaya a zafin digiri 60 ko 90. A ƙasa ta gaba akwai wata 'yar ƙofa, bayanta matata ce da take tare tsabar kuɗi da maɓallai da gashi. In ta toshe injin sai ya ƙi zubar da ruwa, mutane su kira mai gyara a kan abin da minti biyar zai warware.

Omo ma sai mai ƙarancin kumfa, wanda aka yi don irinsa, kuma kaɗan. Kumfa in ta yi yawa takan zama matashi, kayan su faɗo a kanta babu duka, har ta tumbatso ta aljihu. Yana da nauyi kuma, kilo 60 zuwa 80, domin akwai tubalan kankare a cikinsa da suke danne girgiza, kuma yana son daɓe mai ƙarfi wanda ya daidaita. Sabo yakan zo da manyan ƙusoshi uku ko huɗu a bayansa da suke riƙe gangar saboda hanya. Don Allah, Yaya, in shi kika saya ki tsaya a kan mai haɗawa sai kin ga ya cire su da idonki. In aka manta, matsar farko zai riƙa tsalle yana tafiya, yana iya lalacewa a ranar. Gyaransa ma ya fi wuya, musamman in boris ɗin ganga ya mutu, domin a wasu injinan an manne gangar ba ta buɗuwa.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abu biyu da nake so ki duba kafin komai, wato ruwanki da wutarki. Mu a nan ba ma tunaninsu, shi ya sa in kika tambayi ɗayanmu zai ce miki sayi irin nawa, bai san ya tsallake rabin maganar ba. Mai ƙofa a gaba ba a zuba masa ruwa da bokiti. Sai famfo mai ƙarfi, kuma littafin da yake zuwa da shi yakan nemi ƙarfin da ya yi daidai da tankin da ke sama da injin da mita 5, wasu ma 10. In tankinki bai kai haka ba, zai yi ta jira ruwa ya taru har ya gaji ya tsaya, sai dai ki sa ƙaramin injin tura ruwa. Hitar da ke cikinsa tana jan wat kusan 2000, ƙaramin janareta ko batirin sola ba za su ji daɗinta ba, ko da yake kina iya zaɓar wankin ruwan sanyi hitar ta huta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, a wasu injinan ƙofar a kulle take, kayanki na ciki da ruwa, sai ta dawo, ko ki tsiyaye ruwan ta 'yar mesar da ke kusa da matatar. Wutar da take hawa da sauka kuma ita ce ajalin ƙwaƙwalwar injin, dole sai da sitabilaiza.

A nan mai murfi a sama yake nuna nasa alherin. Ki ɗaga murfi ki ƙara rigar da kika manta. Ki jiƙa kaya tun dare. Wuta ta ɗauke, ki sa hannu ki kwashe ki ƙarasa a baho. Yawancinsu babu hita, wutarsu wat 'yan ɗaruruwa ce. Akwai ma mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda da bokiti kike cika shi, ruwan ɗaurayar fararen kaya ki wanke masu duhu da shi. Yana neman ki tsaya a kansa, amma sassan da aka haɗa shi da su kaɗan ne, kusan duk mai gyara ya san shi.

Ki tuna da bayanki kuma. Na san yadda yake damunki in kin daɗe a sunkuye. Mai ƙofa a gaba sai an durƙusa ana loda ana kwashewa, in ba an gina masa dakali an ɗaga shi ba. Mai murfi a sama a tsaye ake aiki da shi, illa dai mai zurfi yakan sa a miƙa hannu har ƙasa. Ga ƙananan yara: mai ƙofa a gaba su kan so shiga gangar in ƙofa na buɗe, mai murfi a sama kuma ruwa ne cike da yaro zai iya leƙawa ya faɗa. Kowanne kika ajiye, wajen ya zama mai rufuwa.

Ni dai ina son nawa, kuma ko gobe ya mutu irinsa zan sake saya, domin gidana da sanyin da nake ciki shi suke nema. Ke kuwa, in famfonki na da ƙarfi kuma wutarki tana tsayawa awa biyu zuwa uku ba yankewa, ki sayi mai ƙofa a gaba mai ɗaukar kilo 8 ko 9, zai rage miki ruwa, tufafinki su daɗe. Lambar kilon nan nauyin busassun kaya ce, ba jiƙaƙƙu ba, kuma a bar tazarar tafin hannu a saman ganga. In ɗaya daga cikin biyun nan yana yi miki gardama, ki ɗauki mai murfi a sama mai faifai, ranki kwance, ba ki sayi na baya ba. Rana za ta ƙarasa miki abin da matsarsa ta rage.

Ki sa a auna mini tsayin tankinku daga inda za a ajiye injin, da faɗin wajen, ki kuma duba abin da aka rubuta a jikin janaretan. In kin turo mini sai mu sake waya mu duba tare. Ki gaishe mini da yara.